Tagar da Na Liƙe wa Siddo

Da sunan Allah nake buɗe baki. Ni Rakiya ban san baƙi ba, sai abin da nake salla da shi, shi ya sa na roƙi Aisata maƙwabciyata ta zauna ta rubuta mini labarin ɗana Siddo. A ajiye wa ɗiyarsa Kausar. In ta girma mutanen unguwa za su ba ta nasu labarin, to ga nawa. Su ƙarshen abin suka gani. Ni na san hannun yaron nan tun yana hannu.

Siddo shi ne autana, Auta nake ce masa har yau da gemu ya cika masa fuska. Nan Gaya na haife shi, cikin gidan nan. Ubansa, Allah ya jiƙansa, ya rasu yaron yana da shekara goma sha biyu. Da sana'ar shinkafa na riƙe su. In sayo shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, bakin gulbi, in jiƙa, in turara, in shanya, in kai inji, in dawo in sheƙe. Tsakar gidana ba ya rabo da ƙaiƙayi, ko an share da safe kafin azahar ya dawo.

Lakkol, wato boko, shekara huɗu ya yi, ya ce kansa ba ya ɗauka. Sai na kai shi wurin wani kafinta, Bawa, can ƙetaren gada, Malanbil. Shekara bakwai yana ƙetare gadar nan, ya tafi da sassafe ya dawo da la'asar sakaliya. Bawa gado yake yi da tebur da akwatin amare. Shi kuwa Siddo zuciyarsa ta tafi ga abin da suke ce wa bafil, akwatin nan da ake sa lasifika ciki. Akwatin kansa kowa na iya haɗawa, katako ne da ƙusa. Inda Siddo ya fi kowa shi ne yi masa fata.

Bari in gaya miki yadda ake yi, don na zauna na gani ya fi sau ɗari. Fatar katako ce, siririya kamar ɓawon albasa, a naɗe take zuwa daga Kwatano. Zai auna ya yanka, ya bar ɗan rara kowane gefe. Sai ya shafa kol, gam ɗin nan mai ruwan ɗorawa, ga jikin akwatin da kuma bayan fatar. Ba a haɗa su nan take. Sai a jira, yana taɓawa da bayan yatsa, har kol ɗin ya daina kama yatsa. To nan ne wurin. Kol ɗin nan bai san "a sake" ba. In biyun suka taɓa juna sun kama ke nan, ko daidai ko karkace. Sai ya jera karan dawa a kan akwatin, ya ɗora fatar bisa karan, ya riƙa zare su ɗaya bayan ɗaya yana dannewa daga tsakiya zuwa gefe da kwalba. Ya datse rarar da reza. Kuma daga falle ɗaya yake yanka duka ɓangarorin, don zanen katakon ya zagayo akwatin bai yanke ba, kamar zane a jikin mace.

In ya gama sai ya rufe ido. Wannan ne ba na mantawa. Ya rufe ido ya bi akwatin da ƴan yatsu, a hankali, kamar makaho na neman fuskar ɗansa. Yakan ce, "Inna, ido maƙaryaci ne, yatsa ba ya ƙarya."

Da Bawa ya yaye shi, wani mutum ya ce zai tafi da shi Kwatano, akwai babban wurin aiki. Na yi kuka. Wansa Mustafa yana Yamai yana kasuwanci, sai da salla nake ganinsa, ita ma ba kowace ba. Na ce, "Auta, kai ma? Wa zai tsaya kaina ranar da za a ɗauke ni?" Washegari ya kawo kayan aikinsa ya ajiye ƙarƙashin itacen bedin tsakar gida. Haka yake, ba ya musu da ni. Da ma ya yi.

Aikinsa na farko na wani Nazifi ne, mai ba da hayar kayan sauti wurin biki da wa'azi. Akwati biyu manya. Ranar ina shiƙa can kusa da rijiya, shi yana aikinsa nan. Ya gama gefe guda, ya rufe ido, ya bi da yatsa, sai ya tsaya cak.

"Inna, zo ki taɓa."

Na taɓa, na ce, "Ban ji komai ba."

Ya kama yatsata ya ɗora. Wani ɗan tudu, bai kai ƙwayar gero ba.

"Ƙaiƙayinki ne," ya ce, yana dariya. "Ya shigo biki ba gayyata."

"To wa zai gani? Nazifi da hannunsa kamar na mai faskare?"

"Ni na ji."

Ya sa wuƙa ya ɓamɓare gefen nan gaba ɗaya, fatar ta yayyage, ya zubar. Wuni guda ya tafi. Raina ya ɓaci, don ƙaiƙayina ne, kuma tsoro ya kama ni kada ya ce gidan ba ya aikuwa ya tuna Kwatano. Sai na buɗe masa ɗakin ubansa na kusa da zaure, na ce ya shiga ciki. Ɗakin taga ɗaya gare shi, tana kallon tsakar gida, ƙaiƙayi na shiga ta nan. Na cusa buhuna, na kwaɓa laka da hannuna na liƙe ta. Na rataya bargo a ƙofa. Ya ja wayar kuran, wato lantarki, ya sa fitila.

Kwana biyu ya ce mini, "Inna, kan mutum na juyawa cikin ɗakin nan."

Na ce, "Za ka saba. Ni da hayaƙin turara fa?"

Ya saba ɗin.

Akwai abu na biyu, kuma shi ya fi ci mini rai. Kol ɗin nan in ya bushe a hannu yana zama kamar wata fata, ruwa ba ya ratsa shi. Wata rana na gan shi yana alwala, ruwa na zamewa ta kan yatsunsa kamar a bayan agwagwa. Na ce, "Auta, wannan alwalar ba ta yi ba. Ruwa bai taɓa ka ba, kol ya taɓa." Ya ce murza yake yi da yashi, abin da ya fita ya fita. Na ce ba a yi wa Allah abin da ya fita ya fita. Akwai wani ruwa mai ƙarfin wari da suke tsinka kol da shi, dilwan suke ce masa. Shi ke cire shi tas. Na sa doka: kafin kowace salla a wanke hannu da dilwan, sannan a yi alwala. Ni nake riƙe kwalbar. In an kira salla in tsaya bakin ƙofa in ce, "Miƙo hannu." In tsiyaya masa, ya murza har tsakanin yatsu, har ƙarƙashin farce. Azahar, la'asar, magariba, kullum. Ina jin daɗi a raina, ina cewa na tsare wa ɗana sallarsa.

Bawa ya taɓa zuwa duba shi. Ya ɗaga bargon ya shiga, bai daɗe ba ya fito yana tari.

"Innar Siddo, wannan ɗaki ne ko tulu? Ku bar iska ta shiga mana. Ba a kulle kol da mutum wuri ɗaya."

Na ce, "To, Malam Bawa, mun ji." A raina na ce, hassada ce, yaro ya fi ubangidansa. Allah ya yafe mini wannan zaton.

Shekara uku aka yi ta alheri, ba zan ɓoye ba. Akwatunansa sun je Junju, sun je Karakara, har Zabori an zo an ɗauka a bayan kabu-kabu. Mutum zai shigo ya tsaya yana shafa akwatin, ya ce wannan ai falo ya kamata a ajiye shi ba filin biki ba. Ni abin kiɗan yana damuna, na ce masa, "Auta, ba ka tsoron alhakin masu rawa?" Ya ce, "Inna, mai ginin tukunya ba shi ke zuba miya ba. Wanda na yi jiya na malamin tafsiri ne, ki ɗora shi a ɗaya gefen sikelin." Ya auri Samira, yarinya mai fara'a, aka haifi Kausar. Ba ya shan taba, ba ya zaman banza. Daga ɗakin nan sai masallaci.

Ranar wata Juma'a ya dawo daga masallaci da takalmi ƙafa ɗaya. Samira ta gani ta fashe da dariya.

"Maigida, ina ɗayan? Sadaka ka bayar?"

Ya duba ƙasa. Bai san ya zame ba. Tun daga kwanar kasuwa yake tafiya ƙafa ɗaya a ƙasa cikin rana, bai ji ba. Muka yi dariya dukanmu, har ni.

Bayan wata guda na shiga kai masa fura, na tarar da jini a kan fatar katakon da yake datsewa. Reza ta shiga yatsarsa, yana ta aiki. Ni na nuna masa. Ya ce, "Kwanan nan kamar safa ce a hannuna, Inna. Ina taɓa abu daga nesa."

Nan take na ce na san ciwon. Sanyin gulbi ne. Shekara bakwai yana ƙetare gada da sassafe, raɓar ruwa na dukansa, yanzu ta tashi. Kowa na tambaya cikin tsofaffi haka ya ce. Mai sanyi kuwa ba a barinsa cikin iska. Na shafa masa man kaɗe da citta, na karɓo rubutu ya sha. Na ƙara bargo na biyu a ƙofa, na toshe ƴar kafar da ke tsakanin bango da rufi. Na ce ya bar ɗakin matarsa kwana arba'in ya riƙa kwana nan, don duk gidan ba inda ya kai shi ɗumi. Gwangwanayen kol suna nan kusa da kansa. Har kasko na ɗauko da garwashi zan kai masa, ya tare ni bakin ƙofa.

"Inna! So kike ki aika mu lahira da ni da unguwar baki ɗaya? Abin nan wuta yake jira."

Ya san yana kama wuta. Bai san ɗayan ba, ni ma ban sani ba.

Tafiyarsa ta sauya. Yana ɗaga ƙafa sama ya sake ta, tana faɗuwa fal, kamar mai taka ruwa. Ga warin kol a rigarsa. Mutane suka haɗa biyun. Ina layi wurin inji wata mata ta ce, tana kallon wani wuri, "Wasu ƴaƴan dai sana'ar suna ce, a kulle ɗaki a yi ta shaƙar sholisho." Na ajiye buhuna na ce, "Ɗana bai taɓa barin jam'i ba, ke naki yana ina?" Aka raba mu. Na dawo gida. Ban gaya masa ba, amma ya ji, don yara sun fara kwaikwayon tafiyarsa a bayansa.

Da babbar salla Mustafa ya zo. Aka kayar da rago, ya ce wa ƙanensa ya riƙe ƙafafun. Ragon ya shure sau ɗaya ya fizge. Aka sake, ya sake fizgewa. Mustafa ya kama hannun Siddo ya juya shi. Naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni ya faɗa, ya zama rami.

"Inna, tun yaushe?"

Na ce, "Sanyi ne, muna magani."

Bayan salla da kwana uku ya sa mu a mota, ni da Siddo, sai Yamai.

Likitan mutum ne mai sanyin magana, Bazabarme, yana jin Hausa. Ya soka masa allura a yatsun ƙafa, ya buga gwiwa da ƴar guduma, aka sa masa wasu wayoyi a hannu. Sannan ya zauna ya fara tambaya. Wane aiki? Da wane kol? Awa nawa a wuni? Ɗakin yana da taga?

Siddo ya ce, "Akwai, amma a toshe take."

"Da me kake wanke hannu?"

"Da dilwan."

"Sau nawa?"

"Kowace salla."

Likitan ya ajiye alƙalami. Ya ce akwai wani abu cikin irin wannan kol da irin wannan dilwan, in mutum ya daɗe yana shaƙa a rufaffen wuri, yana kuma jiƙa fatarsa da shi, yana cin jijiyoyin da ke kai ji zuwa hannu da ƙafa. Ya ce, "Wa ya ce a toshe tagar?"

Na buɗe baki, Siddo ya riga ni. "Ni ne. Aikin ba ya son ƙura."

Na ce, "Likita, ƙarya yake yi, kuma bai saba ba. Ni na kwaɓa lakar. Ni nake zuba masa dilwan."

Likitan ya dube ni. Da ya zage ni da ya fi mini. Ya ce kawai a raba shi da kol daga yau. Ya ce abin zai ƙara muni tukuna kafin ya juyo, kada mu firgita. Jijiya tana tsirowa amma a hankali, kamar gashi. Mu ba ta damina biyu. Abin da ya dawo ya dawo, abin da bai dawo ba bayan nan kada mu sa rai sosai.

Ranar da muka sauka Gaya ban ko sha ruwa ba. Na ɗauki taɓarya na fasa lakar nan. Haske ya shiga ɗakin, na ga bangon duk ya yi rawaya.

Muka shiga jira. Wata uku na farko ko cokali ba ya riƙewa, Samira ke ba shi abinci, ita ke ɓalle masa maɓallin riga. Yarinyar nan ba ta taɓa ɗaga mini ido ba, ko sau ɗaya ba ta ce ke kika ja ba. Ta kama suyar awara bakin ƙofa. Ni na bar barci mai daɗi, na bar cin goro, na yi azumin Litinin da Alhamis, abin da nake roƙo ɗaya ne: ya Allah, yatsun nan. Ƙafafun suka fara dawowa. Ya tashi da sanda, daga baya ya ajiye sandar. Hannun ya fara riƙe kofi. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce an gode Allah, ya warke. Ni ina kallon yadda yake jan carbi: sai ya sa ido a kan ƙwayoyin, in ya ɗauke ido lissafi ya ɓace.

Damina ta biyu ta ɗauke watan da ya wuce. Ya ce mini, "Inna, ina jin ya dawo. Akwai akwatin Nazifi ɗaya da ban yi wa fata ba, da sauran falle guda. Zan gwada." Na aika aka kira Bawa, ya ƙetaro da kansa, tsoho da shi. Aka shirya Bawa ne zai shafa kol can bayan gida inda iska ke wucewa, Siddo ba zai matsa ba sai kol ɗin ya sha iska. Ni kuwa kwana uku ban taɓa shinkafa ba. Na share tsakar gida sau biyu, na yayyafa ruwa.

Da hantsi aka kawo akwatin ƙarƙashin bedi. Ya jera karan dawa. Ya ɗora fatar. Ya riƙa zarewa yana dannewa da kwalba, hannu biyu ya haɗa ya riƙe ta. Bai karkace ba ko kaɗan. Bawa ya ce, "Kai, ɗan nema, har yanzu ka fi ni ido." Samira ta bar awararta a wuta ta zo ta tsaya.

Ya rufe ido. Ya bi akwatin da yatsu, sama, ƙasa, gefe zuwa gefe. Ya buɗe ido yana murmushi irin wanda na shekara biyu ban gani ba.

"Sumul," ya ce. "Inna, sumul. Gobe a gaya wa Nazifi na dawo."

Na matsa da gefen zanena zan goge masa akwatin. Tafin hannuna ya bi ta tsakiya, sai na ji shi, ɗan tudun nan. Ni, da hannun da ya shekara arba'in cikin ruwan zafi da taɓarya. Ya fi na ranar farko girma. Daga ina ya fito ban sani ba, gidan mai shinkafa ne. Na ɗaga kai, Bawa yana kallona, ya girgiza mini kai kaɗan, wato in yi shiru.

Na so in yi shiru, Allah shaida ne. Amma in na yi shiru gobe zai buɗe gwangwanin kol, ya koma kan abin da ya cinye shi, da hannun da ba ya gaya masa gaskiya. Na kama yatsarsa, yadda ya taɓa kama tawa, na ɗora a wurin.

"Auta, me ka ji?"

"Katako."

Na danna. "Yanzu fa?"

"Katako, Inna."

Ya dube ni. Ya sunkuya ya sa kuncinsa kusa da akwatin, ya kalli wurin ta gefen da rana ke zuwa. Ɗan tudun yana da inuwa. Ya daɗe a sunkuye. Sannan ya miƙe ya shiga ɗakin uban nasa, ya fito da kwalbar da rezar da damin karan, ya ajiye gaban Bawa.

"Maigida, a ba wani."

Bawa ya ce, "Haba Siddo, a ƙara shekara mana, likita ba Allah ba ne."

Ya ce, "Haka ne." Amma bai ɗauki kayan ba.

Yanzu yana zama wurin wani mai sayar da katako kusa da tasha, yana nuna wa masu saye wanda ya bushe da wanda bai bushe ba, da ido. Shekararsa ashirin da shida. Bai taɓa ce mini komai ba a kan tagar. Yana gaishe ni da safe, yana tambaya ko na ci. Na roƙe shi gafara ya ce, "Inna, tashi, kada ki sa ni zunubi." Malam ya ce mini ƙaddara ce, wanda bai sani ba ba shi da laifi. Na yarda da ƙaddara. Amma Bawa ya faɗa mini, da kunnena na ji.

Akwatin yana ɗakina, Nazifi ya zo ɗauka na hana. Shekaranjiya Kausar ta tashi ba ta jin daɗi, uban ya ɗora mata hannu a goshi, ya daɗe, sannan ya cire ya sa kumatunsa. Ya ce wa Samira, "Da zafi." Ki rubuta wannan ma, Aisata. Kausar, ubanki bai taɓa shaƙar komai don maye ba. Uwarsa ya bi.